Kaset Ɗin Tsohon Tela

Ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku yau ko aminiyata ban faɗa wa ba. Wanda bai san ni ba kuma, ni malama ce a jami'a, shekarata talatin da shida, ban taɓa aure ba. Abin da nake koyarwa, kuma nake bincike a kai, shi ne yadda iyali suke magana da juna: miji da mata, uwa da 'ya, suruka da matar ɗa. Yadda ake roƙo, yadda ake ba da haƙuri, yadda ake faɗa a shirya. Ɗalibai suna ce mini Dakta. A gida kuwa har gobe Auta ce ni, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gefen kunnena.

Ranar Litinin na fito daga lacca, hannuna duk alli, sai sakatariyar sashenmu ta ce Farfesa tana nemana.

Farfesa ita ta rene ni a aikin nan. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tabarau rataye a wuya da igiya, muryarta ba ta tashi sama amma aji mai mutum ɗari biyu yakan yi tsit idan ta buɗe baki. Ofishinta bai canja ba tun ina ɗaliba: fankar nan mai ƙara kamar tana tari, labule ruwan ƙasa da rana ta cinye rabinsa, butar lantarki a kan kabad, da wata fulawa a gwangwanin madara da ta ƙi girma ta kuma ƙi mutuwa. A ofishin nan ta ba ni aikin farko, ina 'yar shekara ashirin da uku. Ta ce, "Kada ki buɗe littafi. Ki koma gida gobe da safe ki zauna kusa da iyayenki, ki rubuto mini duk abin da suka ce wa juna."

Na dawo mata da rabin shafi, ina jin kunya. Na ce, "Farfesa, ba su ce komai ba. Abba dai ya ce shayin ya yi. Umma ta ce ya ɗauki laima."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Shekara nawa da aurensu?"

"Talatin da ɗaya."

"To ya gode mata, ta ce masa ya kula da kansa. Me kuma kike so su ce? Koma ki sake saurare."

Tun daga ranar na kamu da son aikin nan. Abba ya rasu shekara goma ke nan, amma har yau idan na haɗa shayi sai in ji kamar zan ji muryarsa daga falo.

To, ranar Litinin ɗin na tarar da ita tsakiyar kwalaye, tana tattara kaya, don ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ta tura mini wani kwali da ƙafa.

"Naki ne."

Na buɗe. Kaset ne jere a ciki, kowanne da lamba da rubutun hannuna na ƙuruciya, mai ƙananan haruffa kamar tururuwa. Hirarrakin da na yi da ma'aurata arba'in ne lokacin da nake digiri na biyu, duk waɗanda suka haura shekara talatin tare.

Ta ce, "Ki koma gidajen nan. Ki ga wa ya rage, me ya canja, me suke ce wa juna yanzu. Littafi ne wannan, kuma shi zai kai ki kujerar da zan bari."

"Farfesa, kaset ɗin ma ba mu da injin da zai kunna su."

"Na san wanda yake da shi. Na kira shi jiya. Ya aiko an kwashi goma na farko, ya ce jibi zai zo ya ɗauke ki ku fara."

"Wa?"

Ta mayar da tabarau, ta ci gaba da jera littattafai kamar ba ta ji ni ba. Can ta ce, "Injiniya mana. Ko akwai wani?"



Bari in koma da ku baya. Injiniya ba injiniya ba ne a takarda, difloma gare shi. Shi ne ma'aikacin ɗakin sauti na sashenmu a wancan lokacin, wani ɗaki a ƙasan bene, ba taga, an manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada ƙara ta shigo. Dogo ne, baƙi, kullum hannun rigarsa a naɗe, sukudireba a aljihun gaba inda wasu suke sa biro. Shi yake riƙe mini rikoda idan mun je gidajen mutane, shi yake tuƙa tsohuwar motar sashen da sai an tura ta take tashi. Gida arba'in muka shiga tare. Mun zauna a kan kujerun alfarma, mun zauna a kan bokitin fenti da aka kifa. An ba mu ruwa a kofin gilashi, an ba mu a kofin roba mai tsage. Wata mata ta kore mu da tsintsiya don ta ɗauka mijinta ne ya turo mu mu ɗauki maganarta.

Idan mun dawo sai mu sauka ɗakin nan mu yi ta saurare ina rubutawa. Iyafis ɗaya muke da shi, kunne ɗaya nawa, ɗaya nasa, wayar gajera, dole kujerunmu su matso. Farfesa ta ce in riƙa rubuta har tsawon shirun da ke tsakanin magana da magana, shi kuma yake ƙirga mini da agogon hannunsa. "Daƙiƙa huɗu, Malama. Wannan mutumin ƙarya zai yi." Sai kuwa mutumin ya yi ta. Mu yi ta dariya har mai shara ta leƙo.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura na fara zaɓar mayafi da daddare in ajiye, ni da a da duk wanda hannuna ya kai shi nake yafawa.

Wata ranar Alhamis zaren wani kaset ya fito, yana mayar da shi da biro, yana juyawa a hankali, bai ko ɗago ba ya ce, "Malama, idan kin gama sauraron auren mutane, ina so ki saurari maganar nawa."

Abin da nake jira ke nan. Amma a shekarar Abba ya rasu, gida ba daɗi, ga kundin bincikena a kaina. Na ce, "Ka bari in kare kundin nan. Ranar da na gama, ka sake tambayata."

Ya ce, "To."

Ranar da na kare, shi ya haɗa lasifika a zauren. Na fito an ce na ci, har an tabbatar mini da gurbin zuwa ƙasar waje yin digiri na uku, wanda Abba ya daɗe yana yi mini fata. Ina ta baza ido ina nemansa. Ya zo yana naɗe waya a gwiwar hannu, ya ce, "Allah ya sanya alheri, Malama." Ya wuce. Shi ke nan. Bayan wata ɗaya aka ce ya ajiye aiki. Na yi kuka, na yi fushi, na ce ya gaji da jira ne, ko kuma ya ga na yi masa nisa. Lambarsa tana wayata shekara tara, na canja waya sau huɗu tana biye da ni, ban taɓa dannawa ba. Girman kai ne, na sani. Ba sai kun rubuto mini a ƙasa ba.

Da yammar Litinin ɗin na koma gida da kwalin a bayan mota. Tun daga bakin ƙofa na ga takalmin Gwaggo, ƙanwar Abba, na san yau akwai zama. Suna falo ita da Umma, talabijin a kunne ba murya, Umma tana tsinke zaren wani tsohon labule.

"Ga 'yar boko," in ji Gwaggo. "Zo nan ki zauna. Mutumin kirki yana ta jira, ke kina ta yawo da kwalaye."

Mutumin kirkin shi ne Mai Kemis. Kantin magani gare shi a bakin babban titi, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, yana da natsuwa, ba ya ɗaga murya. Wata biyar yana zuwa gidanmu duk Lahadi, ya zauna a kujera ɗaya, ya sha lemo rabin kwalba. Kullum da safe saƙonsa yana shigowa ƙarfe bakwai daidai: "Barka da safiya Dakta. Da fatan an tashi lafiya. A riƙa shan ruwa sosai." Ba ni da abin da zan ce ya yi mini. Matsalar ke nan. Da mugu ne da na huta.

Umma ta ce, "Yayyensa suna so su zo su ga Kawunki ranar Asabar. Sun ce a ba su tabbaci kafin Alhamis."

"Umma, ina tunani."

"Tunani!" Gwaggo ta tafa hannu. "Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane zaman aure? Likitan da bai taɓa shan magani ba! Ƙannenki na ɗakin Kawu duk sun yi, ƙaramar ma goyo take."

"Ba zaman aure nake koyarwa ba, Gwaggo, magana nake koyarwa."

"To yi maganar mana. E ko a'a?"

Umma ba ta yi dariya ba. Ta ajiye labulen a cinya ta ce a hankali, "Auta, ni ba korarki nake yi ba. Hawan jinin nan kin ga yadda yake yi mini. Ina so in ga kin zauna kafin in bi Abbanku."

Faɗan Gwaggo ba ya taɓa ni, amma wannan maganar ta Umma ta zauna mini a ƙirji. Na ce, "Zuwa Laraba da yamma zan faɗa miki." A raina kuwa na riga na ce e. Me nake jira?

Ranar Laraba da safe sau uku ina canja kaya. Na sa atamfa shuɗiya, na ga ta yi kwalliya da yawa. Na sa baƙar doguwar riga, na ga kamar mai zuwa ta'aziyya. Na ƙare a wata ruwan toka mai ƙananan furanni da farin mayafi, na fesa turare, na goge, na sake fesawa. Saƙon Mai Kemis ya shigo na shan ruwa. Bayansa wani ya shigo daga lambar da ban goge ba: "Ina ƙofar sashe. Farar mota."

Ya yi ƙiba kaɗan. Gemunsa ya yi fari a tsakiya. Hannun rigar dai a naɗe.

"Dakta," ya ce, ya buɗe mini ƙofa.

"Injiniya. Ina sukudireban?"

Ya taɓa aljihu, ya yi murmushi. "Na girma. Yanzu yana cikin jaka."

A hanya muka yi ta zancen aiki kamar baƙi a motar haya. Yana da nasa ɗakin ɗaukar sauti yanzu, yana yi wa gidajen rediyo talla. Kaset goma ɗin ya mayar da su cikin kwamfuta, ya wanke musu ƙara. Ya ce mu fara da gida na bakwai, gidan tsohon tela, don shi ya fi kusa. Na ji daɗi, don duk cikin arba'in ɗin nan babu waɗanda na fi so kamar tela da matarsa. Ita 'yar gajera mai baki, duk tambayar da na yi masa ita take amsawa, shi kuma yana taka keken ɗinki yana cewa, "Ba haka aka yi ba."

Lungun yana nan, sai dai an yi masa kwalta. Shagon yana jikin gidan, ƙofa a buɗe. Keken ɗinkin an lulluɓe shi da zane. Tsohon yana zaune a kujerar roba, ya rame, idonsa ya yi fari-fari.

Na durƙusa na gaishe shi. "Baba, ba ka gane ni ba ko? Ni ce 'yar jami'a mai rikoda."

Ya karkato kunne. "Mai tambayar nan da ba ta ƙarewa? 'Yata, ke ce? Ina dogon yaron?"

"Ga ni, Baba."

"Madalla. Ku zauna." Muka zauna. "Kun makara. Tsohuwar ta tafi bara, da damina."

Na yi masa ta'aziyya, takardar tambayoyina tana hannuna ta zama ba ta da amfani. Injiniya ne ya matso ya ce, "Baba, muna da muryarta. Kana so ka ji?"

Tsohon ya kama hannun kujera. "Muryarta? Tana nan?"

Injiniya ya buɗe kwamfuta a kan teburin yanka, ya jona wata 'yar lasifika. Aka ji ƙarar keke, aka ji muryata ta ƙuruciya, siririya, tana tambaya: "Idan kun yi faɗa, wa yake fara ba da haƙuri?"

Sai muryarta ta cika shagon, tas, kamar ta fito daga cikin gida.

"Shi? Wannan? Shekara arba'in da shida bai taɓa cewa yi haƙuri ba. Sai dai in tashi da safe in ga ya ɗinke mini wuyan rigar da ta yage. In na ga haka na san ya sauko."

A cikin kaset ɗin ya ce, "Ba haka aka yi ba."

A kan kujerar roba ma, a lokaci guda, tsohon ya ce, "Ba haka aka yi ba." Sai ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Haka aka yi," ya ce. "Wallahi haka aka yi."

Minti arba'in muka saurara. Yana amsa mata, yana musu da ita, wani wurin ya ce a mayar baya. Ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Shekara goma sha uku ina aikin nan, na buga maƙaloli, na je taruka, an tafa mini, amma ban taɓa sanin amfanin abin da na tara ba sai a shagon nan. Injiniya ya tura hirar cikin wayar 'yar tsohon da ke kula da shi, ya nuna mata inda za ta danna.

Da za mu tafi tsohon ya riƙe mayafina. "Ku fa? 'Ya'ya nawa yanzu?"

Na ce, "Baba, ai mu ba..."

"Tsohuwar ta faɗa tun ranar. Kuna fita ta ce, waɗannan biyun ba za su kai baɗi ba sai sun yi aure. Ba ta cika kuskure ba."

Muka yi masa sallama muka fito.

Muka shiga mota muka kama hanya. Mun wuce gidan mai, mun wuce makarantar firamare ana tashin yara. Na ji idan ban yi magana yanzu ba, wata shekara taran ce. Na ce, ina kallon titi, "Kana da iyali?"

Ya sa sigina, ya gangara gefen hanya ƙarƙashin wata bishiya, ya kashe mota.

"Na yi aure shekara biyu bayan tafiyarki. Bai yi ba, mun rabu lafiya. Ina da 'ya, shekararta shida, tana wurin mahaifiyata." Ya juyo. "Ke fa? Farfesa ta ce akwai magana."

"Akwai. Yau zan ba da amsa."

"Allah ya sa alheri."

Wannan addu'ar tasa ce ta tsinke ni. Na ce, "Haka ka ce wancan karon ma! Na ce ka sake tambayata ranar da na gama. Na gama. Na tsaya a bakin zaure kamar sakarya ina jiranka, ka zo ka naɗe waya ka wuce. Me na yi maka?"

Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. "Ba ki yi mini komai ba."

"To me ya faru?"

"Ba ni ya kamata in faɗa ba."

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Umma. Na kalli sunan, na kalle shi, na ɗauka.

"Umma, don Allah kada ki ba su Asabar. Ki ce su dakata. Ina da magana."

Ta ce, "Kina ina?"

"Wurin aiki. Muna kan hanya ni da Injiniya. Wanda yake kawo ni gida da motar sashe lokacin da..."

"Na san shi."

Yadda ta faɗa ya sa na gyara zama. Na ji ta tashi, na ji ta rufe ƙofar ɗaki, hayaniyar Gwaggo ta yi nisa.

"Auta," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "yaron nan ya zo wurina saura kwana uku ki kare kundinki. Ya zo da kansa, ya durƙusa a falon gidan nan ya ce yana son ki. Ni na ce ya tafi. Na ce idan ya yi miki magana ba za ki tafi karatun nan ba, kuma shi ne abu na ƙarshe da Abbanki ya roƙe ni a asibiti, in tabbatar kin tafi. Na sa ya yi mini alkawari ba zai faɗa miki ba." Ta ja numfashi. "Na ɗauka za ki manta. Shekara tara ina kallonki, ba ki manta ba. Ki zo gida."

Na sauke wayar a cinyata, ban ko kashe ba. Na juya na dube shi. Ya ji komai, motar ba ta da girma. Idonsa yana kan sitiyari.

Na ce, "Shekara tara ka bar ni ina jin haushinka."

Ya ce, "Gara ki ji haushina da ki ji nata."

Sai ya tayar da mota, ya tambaye ni a hankali, "Sashe zan kai ki, ko gida?"

Na goge fuskata da bakin mayafi. Na ce, "Gida. Kuma ba a ƙofa za ka tsaya ba. Tare za mu shiga."